Yadda Na Mallaki Farantin Tangaran Na Zamanin Sarki Kangxi

Duk wanda ya yi niyyar tara tsoffin kayan tangaran na ƙasar Sin, abin da zai fara cin karo da shi shi ne cewa ba a ƙasar Sin ake sayensu ba. Tun shekarar 2007 hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar da ta hana fita da duk wani kayan tarihi da aka ƙera kafin 1911, shekarar da aka soma juyin juya halin da ya kawo ƙarshen daular Qing. Saboda haka idan mai shago a Beijing ko Guangzhou ya miƙo maka kwano ya ce ya shekara ɗari uku, to ɗayan biyu ne: ko dai gaskiya ya faɗa, ka zama mai laifi a filin jirgi da zarar ka sa shi a jaka, ko kuma kwanon bai daɗe da fitowa daga wuta ba. Ni ɗan kasuwa ne mai zuwa Guangzhou saro kaya, kuma da na fahimci wannan doka sai na raba aikin gida biyu, na ƙudura cewa a Sin zan koyi gani, a wata ƙasa kuma zan saya.

Sha'awar ta samo asali ne daga gidan adana kayan tarihi na lardin Guangdong da ke cikin Guangzhou, inda nakan shiga idan na gama da 'yan lodi ina jiran ranar tashi. A can na ga farantai da tuluna farare masu zanen shuɗi waɗanda aka yi musamman don kasuwannin waje, na kuma karanta cewa daga 1757 zuwa 1842 Guangzhou ce kaɗai tashar da aka yarje wa Turawa su yi ciniki a cikinta. Ashe garin da muke cika kwantena a yau, shi ne garin da aka riƙa cika jiragen ruwa da tangaran da ganyen shayi shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Amma akasarin tangaran ɗin ba a Guangzhou ake yin sa ba. Daga Jingdezhen da ke lardin Jiangxi yake tasowa, a bi da shi ta tafkin Poyang da kogin Gan, 'yan dako su tsallake da shi mashigin dutsen Meiling a kafaɗa, sannan a sake zuba shi a kwale-kwale zuwa bakin teku. Tunda gani ya kori ji, sai na nufi Jingdezhen da kaina.

Garin ya samo sunansa ne a shekarar 1004, daga laƙabin zamanin mulkin wani sarkin daular Song, kuma har yau sana'ar tangaran ce ta riƙe shi. Abin da ya bambanta tangaran da sauran kayan yumɓu shi ne haɗin abu biyu: farin yumɓun da ake kira kawolin, wanda a da ake haƙowa a ƙauyen Gaoling da ke kusa, da wani dutse da ake dakawa ya zama gari. Idan an gina faranti ya bushe, sai a yi masa zane da sinadarin kobal, wanda a lokacin launinsa baƙi-baƙi ne, a tsoma shi a ruwan ƙyalli, a sa shi cikin wani kasko mai murfi don kada toka ta taɓa shi, sannan a gasa a zafin da ya kai kimanin digiri 1300. Sai a cikin wutar ne baƙin yake juyewa shuɗi a ƙarƙashin ƙyallin, shi ya sa zanen ba ya gogewa komai daɗewa. Wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna d'Entrecolles, wanda ya zauna a yankin, ya rubuta wasiƙu a 1712 da 1722 yana bayanin aikin dalla-dalla, inda ya nuna cewa kwano ɗaya yakan bi ta hannun mutane kusan saba'in kafin a gama shi: wani ya ja zoben baki kawai, wani ya zana furanni, wani ya cika launi. Wannan bayani ya yi mini amfani ƙwarai daga baya, domin hannun da ya shekara yana jan layi iri ɗaya yana da saurin da mai kwaikwayo ba ya samu.

A tsakiyar garin akwai wurin da matoyar fada take tun farkon daular Ming, wanda yanzu aka gina gidan tarihi a kansa. Dokar fada a wancan zamani ita ce duk abin da aka gasa wa sarki aka ga aibi a jikinsa, a fasa shi a binne, don kada ya shiga hannun talakawa. Masu haƙar tarihi sun tono waɗannan tsingaro sun harhaɗa su, ga su nan a jere da tabon ɗinki a jikinsu. Na tsaya gaban wani kwano da aka fasa saboda shuɗinsa ya ɗan malala kaɗan a gefe guda, aibin da ni da ba a nuna mini ba ba zan gan shi ba, na fahimci irin tsananin da ake yi wa kayan fada, da kuma dalilin da ya sa ba za a same su a yashe a kasuwa ba.

Ainihin karatuna kuwa a hannun wani dattijo na yi shi, wanda tafintana ya haɗa mu, mai sayar da tsingaro a kasuwar da ke ci tun kafin asuba. Ban tambaye shi ya sayar mini da komai ba, kuɗin lokacinsa na biya, shi kuma ya riƙa zube mini ɓaraguzan farantai a kan tebur yana sa ni in ware su bisa zamani. Amfanin tsingaro shi ne yana nuna maka cikin jiki, inda cikakken faranti yake ɓoyewa. A karyayyen gefen tsingaron zamanin Kangxi, sarkin daular Qing da ya yi mulki daga 1662 zuwa 1722, yumɓun fari ne tas, a cure yake, babu ramuka, kuma idan ka ɗaga shi za ka ji ya fi girmansa nauyi. Na ƙarshen ƙarni na 19 ya fi sakwarkwacewa, farinsa kuma ya ɗan dushe. Dattijon ba ya barina in fara duba zane. Duk abin da na ɗauka sai ya juya mini shi, ya ɗora yatsana a kan zoben gindi, wurin da ba a shafa wa ƙyalli ba, ya ce ta bakin tafinta a nan gaskiya take zama. Zoben gindin tsohon faranti yana da santsi irin na abin da aka daɗe ana ja a kan katako, kuma sau da yawa inda ƙyalli ya tsaya akwai siririn layi ruwan goro, wanda ƙarfen da ke cikin yumɓu ya fitar a wuta. A cikin ƙyallin gindin kuma akan ga 'yan ramuka ƙanana kamar tsinin allura.

Sai da hannuna ya fara sabawa da wannan ya koma da ni kan shuɗin. Masu zanen zamanin Kangxi sun ƙware wajen sirka kobal da ruwa mataki-mataki, ta yadda da launi ɗaya za su fitar da dutse mai duhu a gaba, mai haske a bayansa, da wanda ya kusa ɓacewa can nesa. Da madubin ƙara girma za ka ga inda gashin alƙalami ya sauka da inda ya tashi, da inda ruwan launi ya taru a ƙarshen ja ya yi duhu. Shuɗin yana zaune ne a can ƙasa, kamar kana hango shi ta cikin ruwa mai tsabta, alhali na jabu yakan zama launi ɗaya shimfiɗe, ko kuma a ga ɗige-ɗige a jere, alamar bugun inji. Da na gama, tsingaron da na yi karatu da su duka a wurinsa na bar su, domin su ma tsoffin kaya ne, ban ga dalilin gwada doka a kansu ba.

Kafin in bar garin na zaga unguwar Fanjiajing, wadda ta shahara da shagunan kwaikwayon tsoffin kaya. Dole in yi musu adalci, da yawansu ba sa ɓoye cewa sabon aiki ne, kuma a cikinsu akwai gwanaye na gaske. Yaudarar takan faru ne bayan kayan sun bi hannu biyu ko uku. Na ga yadda ake kashe ƙyallin sabon tulu da ruwan asid, a jiƙa gindinsa a shayi ko wani sinadari don ya yi dauɗar tsufa, a kuma goge shi da takardar yashi. Wannan gogewar tana tona kanta, saboda ƙarce-ƙarcen suna tafiya ɓangare ɗaya a jere, alhali na shekara ɗari uku sun sassaɓa wa juna babu tsari. Dabarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta samo gindin tsohon tulu na gaske da ya fashe, a gina sabon jiki a kansa, a rufe mahaɗar da fenti.

A nan ne ya kamata in yi magana a kan tambarin da ake rubutawa a gindi, domin shi ne abin da sabon shiga yake fara dubawa, kuma a ganina shi ne ya cancanci a duba a ƙarshe. Cikakken tambari haruffa shida ne na Sinanci, masu nuna sunan daula da zamanin sarkin da aka yi abin. Sai dai maginan Jingdezhen sun daɗe suna rubuta sunan sarakunan da suka shuɗe don girmama aikin magabata. Farantai masu yawa na zamanin Kangxi suna ɗauke da tambarin Chenghua, sarkin Ming da ya yi mulki daga 1465 zuwa 1487, haka kuma yawancin kayan da ke ɗauke da tambarin Kangxi mai haruffa huɗu a zamanin Sarki Guangxu aka yi su, tsakanin 1875 da 1908. Bugu da ƙari, a 1677 mai mulkin gundumar ya hana rubuta laƙabin sarki a jikin tangaran, don kada ya fashe a zubar da sunan a juji. Dokar ba ta dawwama ba, amma ta bar al'adar zana zobe biyu babu komai a ciki, ko a sa ganye ko wata ƙaramar alama a tsakiya. Ke nan farantin da babu sunan Kangxi a jikinsa yana iya zama na zamaninsa, wanda ke da sunan kuma ya zama na jikokin jikokinsa.

Bayan wannan sai na zauna na auna ƙarfin aljihuna. Kayan fada ba nawa ba ne: a watan Afrilun 2014 an sayar da wani ɗan ƙaramin kofi na zamanin Chenghua mai zanen kaji a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a kan kimanin dalar Amurka miliyan 36. Abin da mutum irina zai iya shi ne kayan da aka yi don fitarwa waje, waɗanda suke da yawa, kuma saboda yawansu ribar jabunsu ba ta kai ta kayan fada ba. Mafi yawansu suna Turai, musamman ƙasar Holan, domin kamfanin cinikin gabas na Holan da aka kafa a 1602 ya kwashi miliyoyinsu, kuma bayan da Kangxi ya ɗage haramcin cinikin teku a 1684 kasuwar ta sake buɗewa sosai. Har yau idan tsoho ya rasu a can, magada sukan kai kayan kabad ɗinsa gidan gwanjo. Na kuma taƙaita wa kaina fage: faranti fari da shuɗi, na zamanin Kangxi, mai zanen furanni ko tsirrai, ba mai siffar mutane ba, domin a falona zan ajiye shi.

Akwai wata hanya da aka ba ni shawara a kanta, wato kayan jiragen ruwan da suka nitse, saboda an san shekararsu. Jirgin Geldermalsen ya nitse a 1752, aka sayar da tangaran ɗinsa sama da 150,000 a gwanjon Christie's na Amsterdam a 1986. Jirgin Tek Sing ya nitse a 1822, aka tsamo kimanin guda 350,000 aka yi gwanjonsu a Stuttgart ta Jamus a shekarar 2000. Suna da araha, kuma da yawansu suna nan da takardar gwanjon manne a gindi. Na yi tunani na bar su. Gishirin teku yakan cinye ƙyallinsu, takardar da ke gindin ma ana buga jabunta, amma babban dalilina shi ne Tek Sing ya tafi da rayuka sama da dubu, zuciyata kuma ba ta kwanta da in yi ado da abin da aka kwaso daga inda mutane suka halaka ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ma ta yi hani da a mayar da irin waɗannan wurare abin kasuwanci.

Na daɗe ina bin kundin kayan wani ƙaramin gidan gwanjo a Holan ta intanet ba tare da na taya komai ba, ina rubuta hasashena in kwatanta da abin da aka sayar, har na ga farantin da ya dace. Faɗinsa ya ɗan haura taƙi ɗaya, a tsakiyarsa kwandon furanni, a gefensa an kasa fili gida-gida kowane da reshen fure, a gindinsa kuma ganye ɗaya a cikin zobe biyu. Tunda ba a cinikin biri a sama, sai na rubuta musu na nemi rahoton lafiyar farantin a rubuce, da hoton gindinsa daga kusa cikin hasken rana, da hoton bakinsa zagaye, da bayanin inda ya fito. Suka amsa cewa daga kayan gadon wani gida yake, babu tsaga babu gyara, sai 'yan ɓantarewar ƙyalli a baki. Wannan ɓantarewar ba ta dame ni ba, ta ma ƙara mini natsuwa, domin sanannen hali ne na tangaran ɗin wancan zamani: ƙyallin bakin bai kama jiki sosai ba, yakan ɗan tsattsage kamar asu ya ci tufa.

Duk da haka ban tsaya a kan maganar mai sayarwa kaɗai ba. Na biya wani dillalin tsoffin kaya mai zaman kansa, wanda ba shi da rabo a cinikin, ya je ranar da ake buɗe kaya don dubawa. Abu uku na roƙe shi. Ya ɗora farantin a kan yatsunsa ya ƙwanƙwasa, saboda lafiyayyen tangaran yana ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga kuma yakan yi ƙara a dakushe. Ya haska shi da tocilar nan mai hasken shuɗi-ja da ake duba takardun kuɗi da ita, domin fenti da gam na zamani suna fitowa da wani launi daban a ƙarƙashinta. Sannan ya bi zoben gindin da farce. Ya aiko mini da muryar ƙarar a waya, na saurara har ta mutu a hankali. Akwai gwajin kimiyya da ake yi a wasu ɗakunan bincike, kamar wanda ke Ingila, inda ake auna daɗewar yumɓu tun gashinsa na ƙarshe, amma sai an huda jikin abin an ciri samfuri, sakamakonsa ƙiyasi ne mai faɗi, kuɗinsa kuma zai iya kusantar kuɗin farantin. Ga kayan irin nawa, ido da hannu sun fi shi amfani.

Kafin ranar gwanjo na yi lissafi a takarda, domin farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne abin biya ba. Gidajen gwanjo suna ɗora la'adar mai saye, wadda takan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, ga kuɗin ɗauri da aikawa da inshora, ga canjin Yuro, ga harajin kwastan idan ya iso. Na ciro duk waɗannan daga abin da na ware, abin da ya rage na rubuta shi a matsayin iyakata, na kuma miƙa musu tayin tun kafin a fara, don kada zafin gasa ya ɗebe ni. Na kalli gwanjon kai tsaye a kwamfuta. Kowane kaya ba ya wuce minti ɗaya, farantina ma haka. Mutum biyu suka ja da ni, suka tsaya kafin a kai iyakar da na sa. Na tambaya ko ana buƙatar lasisin fitarwa, aka tabbatar mini darajarsa ba ta kai matakin da dokar Tarayyar Turai ke neman hakan ba, na kuma sa aka rubuta zamaninsa da bayaninsa a jikin rasit.

A akwati biyu ya iso Kano, ƙarami a cikin babba, da abin tare girgiza a tsakaninsu. Na shimfiɗa bargo a ƙasa na buɗe shi a zaune, domin tangaran ba a duba shi a tsaye. Kamar yadda aka koya mini, gindin na fara juyawa. Zoben yana da santsin nan, ga siririn layin ruwan goro, ga ramukan allura uku ko huɗu kusa da ganyen, ganyen kansa kuma an ja shi da 'yan layuka kaɗan cikin sauri, ba tare da alƙalamin ya yi jinkiri ko'ina ba. Da na juyo fuskarsa wajen taga, sai na ga kwandon furannin an saƙa shi da layuka sirara masu ratsa juna, furen tsakiya yana da shuɗi mai duhu a gindin kowane ganye yana yin haske zuwa baki, kuma a wuri ɗaya ruwan launin ya ɗan tsallake layin da mai zane na farko ya ja masa. Wannan tsallakewar ta faranta mini rai fiye da komai a jikinsa, domin shaida ce ta mutum biyu da suka yi aiki a kan faranti ɗaya, ɗaya ya ja iyaka ɗaya ya cika, kamar yadda aka bayyana a wasiƙar 1712. A tsakiyar farantin akwai ƙarce-ƙarcen wuƙa marasa tsari, alamar an ci abinci a cikinsa shekaru masu yawa kafin a ɗaga shi a ajiye.

Na wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙarfi a cikin robar da na shimfiɗa wa tawul, ban kusantar da shi da bilic ba, saboda yana shiga ta wuraren da ƙyalli ya ɓantare ya lalata jiki daga ciki. Ban rataye shi da maƙalin waya mai sifirin ba, irin wanda ke matse baki yana ƙara ɓantarewa. A kan ɗan matashin katako na jingina shi cikin kabad mai gilashi da makulli, nesa da taga, inda ƙurar hunturu ba ta shiga. Daga nan na buɗe masa fayil, na zuba rasit, da rahoton gidan gwanjo, da wasiƙar dillalin da ya duba, da takardar kwastan, da hotunan fuska da gindi da baki, na kuma rubuta faɗinsa da nauyinsa da wuraren da ƙyallin ya ɓantare. Kwafi ɗaya yana cikin kabad ɗin a ƙasan farantin, ɗaya kuma na ba babban ɗana ya adana tare da takardun gida.